Huji Uku a Kunnen Sista

Shekara talatin da huɗu Sista ta yi tana aikin jinya kafin ta ajiye, amma sunan ya ƙi yin ritaya tare da ita. Mai shagon bakin layi Sista yake ce mata, yaran maƙwabta Sista, har maigidanta, tsohon malamin lissafi, idan tsokana ta motsa masa sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Sista, an kawo mara lafiya," alhali shayi kawai yake nema.

Mutum ɗaya ce a gidan ke kiranta Kaka, wato jikarta ta fari, wadda ke zaune a wurinsu tana karatun zanen gine-gine. Ita kuma tun yarinyar tana shekara biyu ta laƙaba mata Aku, don bakinta ba ya zuwa hutu. Yanzu shekararta ashirin, bakin kuma sai abin da ya ƙaru.

Aku ce ta kawo maganar hujin kunne. Ba na ƙasa take so ba, wannan tana da shi tun tana jaririya. Na sama take so, a guringuntsi, guda uku a jere. Da ta kira mahaifiyarta, wadda ke aiki a wani gari, sai uwar ta ce, "Tambayi kakarki. In ta yarda ta raka ki da ƙafarta, ni ma na yarda." Ta faɗi haka ne da kwanciyar hankali, don ta san uwar da ta haife ta.

Sista na yankan albasa a kicin maganar ta same ta. Ta ajiye wuƙa, ta leƙo jikar ta saman tabarau.

"Guringuntsi ba tsoka ba ne, Aku. Jini kaɗan ke kai masa, in ya yi ciwo ba ya warkewa da wuri. Na ga kunnen da ya ruɓe ya nannaɗe kamar busasshen ganye, mai shi tana kuka tana cewa ƙawarta ce ta huda mata a ɗakin kwanan ɗalibai."

"Shi ya sa nake so ki zo ki duba wurin, Kaka. In kin ce bai yi ba, na haƙura."

"Zan je. Zan je in nuna miki ƙazantarsu da idonki, mu dawo gida da kunnenki yadda Allah ya yi shi."

Ranar Asabar da hantsi suka fita. Sista ta jefa 'yar tocila a jaka, irin wadda take duba maƙogwaro da ita a da. Shagon hujin yana saman bene ne, bisa shagon wani mai gyaran agogo, matakalar ƙunci gare ta har sai da Sista ta hau a karkace tana haki tana cewa wannan ma laifi na farko ke nan.

Amma da aka buɗe ƙofa sai warin wurin ya tare ta, ta tsaya cak. Warin ɗakin tiyata ne da safe, bayan an goge ƙasa. Bango fari, fitila mai haske, gado guda an shimfiɗa masa takarda sabuwa, wurin wanke hannu a kusurwa wanda ake buɗe famfonsa da gwiwar hannu.

Mai hujin mace ce, gajera, mai wushirya, ba za ta wuce talatin da biyar ba. Ta gaishe su har da ɗan rusunawa. Sista ta amsa a taƙaice, ta miƙa yatsa ta shafo saman kabad, ta duba. Babu ƙura. Ta haska ƙarƙashin gado da tocila. Aku ta rufe fuska da tafin hannu.

"'Yata," in ji Sista, da muryar da take yi wa ɗalibai tarko, "ina bindigar da kike hujin da ita?"

"Ba na ajiye bindiga, Mama. Tana fasa guringuntsi, kuma ba a iya dafa ta ta tsarkaka. Allura nake amfani da ita, kowane huji da tasa, in na gama ta tafi cikin wancan akwatin."

"Kayan aikin fa?"

Mai huji ta kai ta ɗan ɗakin baya, ta nuna mata injin tururin da ke dafa ƙarafa, da ledojin da aka liƙe kowacce da kwanan watanta, da ɗan layin da ke sauya launi idan zafi ya kai. Sista ta ɗaga leda ɗaya zuwa haske ta juya ta gaba da baya. Ta nemi abin kushewa ta rasa.

"'Yan kunnen na wane ƙarfe ne?"

"Titaniyam, irin wanda likitoci ke sawa a jiki. Ba ya cin fata. Kuma sandar da nake fara sawa tana da ɗan tsawo, don kunne ya samu wurin kumbura."

Sista ta mayar da tocila jaka. Ta ce, "To." Wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin lambar yabo ce.

Aka zaunar da Aku. Aka tambaye ta ko ta karya, ta ce ta ci burodi da ƙwai biyu. Ta ce ita fa ta sake shawara, uku a dama uku a hagu take so. Mai huji ta girgiza kai.

"Kunne ɗaya, kuma kada ya wuce uku. Jiki ba ya son a haɗa masa aiki da yawa. In na huda duka biyun, a kan me za ki kwanta? Goshi?"

Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta goge kunnen, ta ɗiga alama uku da ɗan alƙalami, ta ba Aku madubi. Aku ta duba ta gyaɗa kai. Daga nan sai wani abin al'ajabi ya faru: Aku ta yi shiru. Ta lalubo hannun kakarta ta damƙe.

"Ja numfashi," in ji mai huji. "Sake shi a hankali."

Ɗaya. Biyu. A na uku hawaye guda ya gangaro ta gefen ido, Aku ta ce ba kuka ba ne, idon ne ya yi gaban kansa.

Sista ta gyara tabarau ta sunkuya don ta duba aikin, da niyyar gano karkata. Babu karkata. 'Yan kunne uku masu ƙananan duwatsu suna bin lanƙwasar kunnen kamar an auna da ma'auni, fitila na dukansu suna ƙyalli. Ta daɗe a sunkuye. Shekara talatin da huɗu cikin farin kaya, ba zobe, ba awarwaro, ba jan farce, ɗan kunne ma sai wanda bai fi ƙwayar gero ba. Ita da kanta ta sha tsayar da sababbin ma'aikata a bakin ƙofa ta sa su cire. Ba ta taɓa jin an hana ta komai ba, sai yanzu da take kallon kunnen yarinyar nan.

Sai ta ji wata murya ta ce, "Abin nan yana da iyakar shekaru?" Da ta waiwaya ta ga su biyun suna kallonta, ta gane muryarta ce.

"Kaka," in ji Aku a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

Mai huji ba ta yi dariya ba. Ta jawo takarda. "Ciwon suga?"

"Babu."

"Kina shan maganin tsinka jini?"

"A'a."

"In kin ji rauni, tabon yana yin tudu?"

"Ba ya yi."

"Hawan jini?"

"Sai in wannan yarinyar ta fara magana."

Aka sauya takardar gado, aka buɗe sababbin ledoji. Da yake a dama take kwanciya, aka zaɓi hagu. Mai huji ta sa ta mayar da tabarau kafin ta ɗiga alama, don kada ƙafar tabarau ta riƙa goga wurin. Wannan dabarar ta ƙara mata daraja a idon Sista.

Ita da ta yi wa dubban mutane allura tana ce musu "kamar cizon tururuwa ne," yau ta ji girman tururuwar. Wani matsi ne, sai ɗan sautin ƙurus a cikin kai, sai zafi ya bazu kamar an kara mata kofin shayi. A na biyu ta ambaci sunan Allah. A na uku dariya ce ta kubce mata, har mai huji ta ce, "Mama, ki bari in ɗaura kan ɗan kunnen tukuna."

Aka karanta musu dokoki, aka ba su a rubuce, da kwalbar ruwan gishiri na asibiti kowacce da tata. Sista na gyaɗa kai, amma rabin hankalinta na kan madubi.

A matakala suka lalace. Aku ta dubi kakarta ta fashe, kakar ta dafa bango ta fashe, suka zauna a kan mataki suna share hawaye, kowacce ta karkatar da kai gefe kamar kazar da ke kallon shaho. Mai gyaran agogo ya leƙo ya koma. A cikin mota ma haka, da sun haɗa ido sai abin ya dawo sabo, har wata mata da ke kusa ta tambaya ko albishir aka yi musu.

Sun tarar da maigida a falo yana fama da wasan cike gurbi a jarida. Sista ta sassauta ɗankwali ta rufe kunnen, ta wuce shi da tafiyar mutumin kirki.

"Yaya, an hana?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"An duba wurin. Yana da tsabta."

Ya ɗago. Ya dubi Aku da kunnenta ja wur, ya dubi matarsa da ke tsaye a karkace. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bai taɓa ganin ta ɗaura ɗankwali haka ba. Ya miƙe ya zo ya ɗaga gefen da yatsa biyu. Ya tsaya yana ƙirgawa, kamar lissafin zai sauya.

"Na aika likita ta tare annoba," ya ce, "ta dawo mini da ita gida."

Mahaifiyar Aku ta kira da yamma ta bidiyo. Aku ta nuna nata, uwar ta ja dogon numfashi ta ce a ba ta Mama ta ji yadda aka yi ta bari. Sista ta karɓi wayar, ta juya kai a hankali ta nuna nata kunnen. Uwar ta ƙura ido har suka ɗauka layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Mama, ni da na sa jan baki a aji shida kika sa na wanke da sabulu." Sista ta ce zamani ne ya sauya, kuma jan bakin bai yi mata kyau ba.

Aku ta manna takardar dokoki a jikin firij. A wanke hannu kafin a kusanci kunne. A fesa ruwan gishiri safe da yamma, a busar da takarda mai tsabta, ba tawul ba. Kada a juya, kada a ɓare ɓawo, kada a kwanta a kai, kada a shiga ruwan iyo. A sauya rigar matashi a kai a kai. Ban da sifirit, ban da man shafawa.

Aku ta bi takardar kamar mai jiran jarrabawa. Sista kuwa ta karanta layin ƙarshe ta yi ɗan murmushi. Ban da sifirit? Ita za a gaya wa ciwo? Yarinyar nan mai wushirya ta iya allura, ba a musu, amma lokacin da Sista ke wanke raunuka ko rarrafe ba ta fara ba. A zamaninsu, in an huda kunne, a goga sifirit, a juya ɗan kunne kada ya manne. Don haka kullum bayan sun gama fesa ruwan gishiri tare a gaban madubi, sai ta koma ɗaki ta jawo kwalbarta daga bayan akwatin ɗinki, ta ɗiga a auduga, ta goga, ta ɗan murza kowanne sau uku. Yana yi mata zafi, ita kuwa ta ɗauka aiki ne yake yi.

A mako na uku kunnen Aku ya sace, jan ya tafi. Na Sista kuwa ya ƙi. Fatar ta bushe tana tsagewa, kuma a bayan na tsakiya wani ɗan tudu ya fito, ja, kamar ƙwayar wake. Ta fara yawo da ɗankwali har cikin gida.

Hanci ne ya tona ta. Aku ta shigo neman almakashi, ta tsaya tsakiyar ɗaki tana shinshina.

"Kaka, me ke warin asibiti a nan?"

"Jikina ne. Shekara talatin da huɗu ba wasa ba."

Aku ta ɗaga murfin akwatin ɗinki, ta leƙa bayansa, ta fito da kwalba da auduga. Ta riƙe su sama. Sannan ta janye ɗankwalin ta ga tudun, dariyar da ta taso mata ta koma.

"Sa takalminki."

"Ke, ni kike ba umarni?"

"Mara lafiya ba ya gardama. Ke kika koya mini."

Wannan karon Sista ta hau matakalar ba ta kushe komai ba. Mai huji ta sa safar hannu ta duba gaba da baya, ta tambaya ko yana bugawa kamar zuciya, ko akwai zazzaɓi, ko ruwa mai wari ko mai launin kore yana fita. Babu ko ɗaya.

"To bai kamu ba, fushi kawai ya yi. Da na ga ja yana yaɗuwa, ko kunnen ya ɗau zafi yana fitar da mugunya, da yanzu na tura ki wurin likita, don guringuntsi ba a yi masa jinkiri. Kuma ko hakan ta faru kada ki cire da kanki, ramin zai rufe da ciwon a ciki." Ta ɗago ta dube ta. "Mama, me kike sa masa?"

Sista ta dubi silin. Aku ta ajiye kwalbar a kan tebur kamar shaida a kotu.

"Kina juyawa?"

"Kaɗan."

"Sifirit na ƙona sabuwar fatar da ke ƙoƙarin fitowa. Juyawa kuma na yage ta. Kullum jikinki ya yi gini, ke ki rushe."

Sista ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya. Ta tuna fuskokin da ta sha tsayawa a kansu tana cewa, "Wa ya ce ka buɗe bandejin?" Ta ce a hankali, "Mu haka aka koya mana."

"Na sani, Mama. Ni ma mahaifiyata har yau ba ta yarda da ni ba."

Suka yi dariya su uku, aka jefa kwalbar a kwandon shara.

Daga ranar gidan ya zama sansanin tsaro. Aku ta sayo matashin wuya irin na matafiya guda biyu, mai rami a tsakiya, don ko an juya cikin barci kunne ya faɗa rami. Maigida ya naɗa kansa mai gadi: da hannun Sista ya doshi kunne sai ya yi gyaran murya, ko yana bayan jarida. Wani lokaci ƙaiƙayin kai ne kawai, sai ta ce, "Malam, kaina ne," ya ce, "Hanyar ɗaya ce." Ta koyi amsa waya da kunnen dama, ta koyi cire riga kamar mai fitowa daga ƙaya, ta koyi ɗaurin ɗankwali da ke barin kunnen hagu a waje. Ranar da tsefe ya kama na sama, ta ga taurari da rana tsaka, ta zauna a bakin gado tana kiran sunan duk wanda ya ƙirƙiro tsefe.

Safiya ce ta fi daɗi. Su biyu a gaban madubin banɗaki, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta karkata dama ɗaya hagu, ruwan gishiri na gangarowa wuya, Aku na ba da labarin malaminsu da ke zana gini ya manta matakala, Sista na cewa ta yi shiru kada ta sa ta motsa. Maigida ya kan ƙwanƙwasa ya tambaya ko asibitin zai buɗe wa sauran jama'a yau.

A mako na bakwai aka rage wa Aku tsawon sanda, don kumburi ya tafi kuma doguwar sanda na kama abu. Ta dawo tana taƙama. Sista sai da ta kai mako na goma sha ɗaya, lokacin tudun ya lotsa ya zama ɗan tabo. Aku ta ce ta wuce ta da aji guda. Sista ta ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Aku ta ce mai sifirit kuma shi kan dafa kunne.

Sau biyu Sista ta ɗauka an gama, don ba zafi ba ɓawo, ta nemi sauya 'yan kunne. Sau biyu mai huji ta ce waje ne ya warke, ciki da saura, guringuntsi kan ɗauki wata shida har shekara. Sista ta koma gida ba gardama, abin da ya sa maigida ya taɓa goshinta ya ji ko lafiya.

Sai a wata na goma aka ce na sama da na ƙasa sun warke sarai, na tsakiya a ƙara masa wata biyu. Ranar Aku na da jarrabawa, don haka maigida ne ya raka ta. Ya hau matakalar yana ƙirga ta, ya sanar da cewa goma sha tara ce. Da aka fito da faifan 'yan kunne, Sista ta miƙa hannu ga wasu farare marasa hayaniya, sai ya riga ta. Ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, ya nuna wani ɗan kifi na zinariya, da wani dutse kore kamar ganyen da ruwa ya wanke.

"Malam, kifi? A shekaruna?"

"Kin riga kin shiga ruwan," ya ce. "Sa mata, 'yata."

Aka sa. Ta dubi madubi, ta juya kai, ta sake juyowa. Ta so ta ce ya yi yawa, bakin ya ƙi, sai murmushi yake.

Da suka sauko titi ta kama hanyar tashar mota, shi kuwa ya ce ai yau da ƙafa za su je, iska na da daɗi. Ya zagayo ta hagunta, yana tafiya yana satar kallo, har ya yi karo da allon wani mai sayar da lemo. Ya ba allon haƙuri. Sista ta riƙe hannun rigarsa ta ja shi gefe, tana dariyar da ta sa mutane biyu suka waiwayo, suka ci gaba da tafiya a haka har gida.